Kwana huɗu a Arewacin Ayilan, a kan sawun jam'iyyar John Hume

Da daren wata Lahadi cikin watan Nuwamban 2024 na saɓa jakata na tsallaka kogin Mersey daga Liverpool zuwa Birkenhead, inda jirgin ruwan Belfast yake tashi da ƙarfe goma da rabi. Abokan karatuna sun yi ta tambayata abin da zai kai ni Arewacin Ayilan cikin wannan sanyi. Ban tsaya dogon bayani ba, domin amsar tana can Kano, a ɗakin mahaifina, inda har yau akwai wata tsohuwar takarda mai hoton mabuɗi manne a bayan ƙofa. Baba ɗan PRP ne tun kafuwarta a 1978. Ya yi murnar ranar da Abubakar Rimi ya ci Kano, Balarabe Musa ya ci Kaduna a 1979. Ya ga rabuwar santsi da taɓo, ya ga tsige Balarabe a 1981, ya bi gawar Malam Aminu a 1983. Na tashi ina jin tambaya ɗaya a bakinsa: yaya mutane za su yarda kana da gaskiya, amma ranar zaɓe su kai ƙuri'arsu wani wuri? Da na fara karanta tarihin SDLP, jam'iyyar 'yan ƙwadago da masu rajin kula da talaka ta Arewacin Ayilan, wadda John Hume ya daɗe yana jagoranta, sai na ga tambayar Baba ce cikin farar fata. Shi ya sa na tafi.

Tikitin mai shiga a ƙafa ya ci mini fam 40 da ɗoriya. Ɗakin kwana a jirgin ya fi tikitin tsada, sai na haƙura da kujera. Awa takwas ce tafiyar. Wajen ƙarfe biyu iska ta taso, jirgin ya fara layi, cikina ya juya, na riƙe hannun kujera ina ta salati. Wani direban babbar mota da ke zaune kusa da ni, dattijo mai kaurin wuya, ya miƙo mini biskit mai citta, ya ce in kalli wuri ɗaya kada in rufe ido. Da na ɗan dawo hayyacina muka taɓa hira. Ɗan Furotesta ne, daga cikin masu son yankin ya ci gaba da zama a ƙarƙashin Birtaniya. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Abokina, ban taɓa zaɓensu ba, kuma ba zan zaɓe su ba. Amma Hume bai taɓa aika kowa ya harbi ɗan'uwana ba." Wannan ce shaida ta farko da na ji a kan jam'iyyar, kuma daga bakin ɗan adawa ta fito.

Mun sauka Belfast da ƙarfe shida da rabi, gari baƙi ƙirin kamar tsakar dare. A bakin fita wasu jami'ai biyu suka nemi ganin fasfona da katin izinin zama, suka duba, suka miƙo mini. Na samu wani ɗan shagon shayi da ya buɗe. Karin kumallonsu na gargajiya cike yake da naman alade, don haka na ce a ba ni ƙwai da wake da wani burodi da suke yi da dankalin turawa, mai laushi kamar gurasa. Fam 8. Da aka ba ni canji sai na ga wata takardar kuɗi da zanenta ke tsaye maimakon kwance, ga furanni a jiki, babu hoton sarki ko sarauniya. Na ɗauka kuɗin wata ƙasa aka haɗa mini. Mai shagon ta yi murmushi ta ce fam ne dai, bankunansu na nan ne ke buga nasu, sai dai in yi ƙoƙari in kashe kafin in koma, don a Ingila wasu masu shaguna kan juya ta su ce ba su san ta ba.

Daga nan na hau bas zuwa Stormont, majalisar dokokin yankin. Daga ƙofar shiga zuwa ginin mil guda ne cur, hanya miƙaƙƙiya mai hawa tudu, bishiyoyi jere hagu da dama, farin ginin yana can sama yana kallonka. Kafin ka isa sai ka wuce gunkin Edward Carson, jagoran masu ƙin rabuwa da Birtaniya, ya ɗaga hannu sama. Ina tafe ina tunanin yadda ɗan Katolika zai ji yana hawa wannan tudu a shekarun baya. Daga 1921 har 1972 jam'iyya ɗaya ta masu son zama da Birtaniya ce ta mulki yankin ba tare da ta taɓa faɗuwa ba, kuma abin da aka fi tunawa na 'yan adawa shi ne dokar da suka kawo ta samu wucewa a 1931, wadda ba ta shafi gida ko aiki ko ƙuri'a ba: ta kare tsuntsayen daji ce.

Shiga kyauta ne bayan an caje jaka. Ranakun Litinin da Talata majalisar ke zama, sai na hau benen baƙi na leƙa ƙasa. Kujeru 90 ne. A zaɓen 2022 Sinn Féin, mai son haɗewar Ayilan, ta samu 27, DUP da UUP masu son zama da Birtaniya 25 da 9, Alliance mai tsaka-tsaki 17, SDLP kuwa 8. Tun Fabrairun 2024 Michelle O'Neill ta Sinn Féin ce ke riƙe da muƙamin minista ta farko, SDLP kuma ta zama 'yar adawa a hukumance, Matthew O'Toole na jagorantar 'yan majalisarta. Na daɗe ina kallon ɗan gefen da suke zaune. A 1998, a zaɓen farko bayan sulhun da ya kawo ƙarshen rikicin masu son haɗewar Ayilan da masu son zama da Birtaniya, wannan jam'iyya ce ta fi kowace yawan ƙuri'un zaɓin farko a duk yankin, ta samu kujeru 24 cikin 108. A 2003 suka koma 18. A 2007, 16. A 2011, 14. A 2016, 12, kuma suka riƙe 12 ɗin a 2017 da aka rage majalisar zuwa 90. Sai 8. Kamar rijiya a tsakiyar rani, duk zuwan da aka yi sai an ƙara wa guga igiya. Kuma ba za a ce tsarin zaɓe ne ya cuce su ba. A can ba dangwale ɗaya ake yi ba, mai zaɓe jera 'yan takara yake yi, na ɗaya, na biyu, na uku, kowace mazaɓa cikin 18 tana fitar da mutum biyar. Tsari ne da ke yi wa ƙaramar jam'iyya adalci. Mutane ne dai suka daina sa su a na ɗaya.

Da rana na ɗauki ɗaya daga cikin baƙaƙen tasin da ke zagayawa da baƙi yammacin Belfast, fam 45 na awa ɗaya da rabi. Direban ɗan unguwar Falls ne, ya haura sittin. Ya kai ni Cupar Way, inda katangar da ta raba Falls ta Katolika da Shankill ta Furotesta take. Na ɗaga kai har hulata ta kusa faɗuwa: siminti a ƙasa, kwano a tsakiya, raga a sama don kada a jefo kwalbar fetur. Tun 1969 aka fara irin waɗannan katangu, kuma har yau akwai ƙofofin da ake rufewa da dare. Na san garuruwa a gida da rikici ya raba mutane, Musulmi suka koma wannan gefe, Kirista wancan, amma ban taɓa ganin an zuba wa rabuwar kankare an sa mata kwaɗo ba.

A nan na tambaye shi labarin Gerry Fitt, shugaban SDLP na farko, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya wakilci yammacin Belfast a majalisar Landan tun 1966. Shi ne wanda 'yan sanda suka fasa wa kai a zanga-zangar neman 'yanci ta Derry ranar 5 ga Oktoban 1968. Ya bar jam'iyyar a 1979 yana cewa ta fi karkata ga batun haɗewar Ayilan fiye da batun talaka, ƙorafin da ya sa aka kori Paddy Devlin shekara biyu kafin nan. A 1981 fursunonin da ke goyon bayan gwagwarmayar makami suka shiga yajin cin abinci, mutum goma suka mutu. Na farkonsu, Bobby Sands, an zaɓe shi ɗan majalisa yana kwance a kurkuku, a zaɓen da SDLP ta ƙi tsayar da kowa, ya cika bayan kwana 66. Daga nan Sinn Féin ta gane cewa akwatin zaɓe ma makami ne. Fitt ya soki yajin a fili. A 1983 Gerry Adams na Sinn Féin ya kayar da shi, aka ƙone gidansa, ya ƙare rayuwarsa a Ingila.

Direban bai nuna tausayi sosai ba. Ya ce, "Ka ga SDLP? Jam'iyyar malaman makaranta ce da likitoci da lauyoyi. Mutanen kirki ne, ban musa ba. Amma idan rufin gidanka na yoyo, ko an riƙe maka kuɗin tallafi, ko an kama ɗanka da asuba, ofishin wa za ka tarar a buɗe a bakin layinku?" Ya tuna mini cewa a 1992 wani likita, Joe Hendron, ya ƙwace kujerar daga hannun Adams da ratar da ba ta kai ƙuri'a 600 ba, kuma da taimakon mutanen Shankill da suka toshe hanci suka zaɓe shi. A 1997 Adams ya karɓe abarsa. Na kwana kusa da jami'a a wani ɗaki na fam 60, na yi Isha'i a masallacin da ke University Road, inda mutane ke ta maganar tarzomar watan Agustan da ya wuce, wadda aka ƙone shagunan baƙi a kudancin birnin.

Ranar Talata na shiga jirgin ƙasa daga sabuwar tashar Grand Central zuwa Derry, kusan fam 15, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci. Rabin farko gonaki ne da tumaki. A Coleraine na tuna cewa nan aka kai jami'a ta biyu ta yankin a 1965 aka tsallake Derry, birni na biyu mafi girma, kuma wani matashin malamin Faransanci mai suna John Hume ne ya jagoranci ayarin motocin da suka je Stormont ƙorafi. Bayan Castlerock jirgin ya shige cikin dutse, duhu ya rufe mu, yana fitowa sai ga teku dab da taga, farin yashi shimfiɗe, igiyar ruwa na fashewa kamar za ta taɓa ƙarfen dogo, ga duwatsu tsaye a ɗaya gefen. Duk wanda ke cikin taragon ya ajiye wayarsa. Ban taɓa ganin hanya mai kyan wannan ba.

Ko sunan garin rigima ne: 'yan Katolika na cewa Derry, masu son Birtaniya na cewa Londonderry, a tasha kuwa an rubuta duka biyun. Na tsallaka kogin Foyle a ƙafa ta gadar da suke kira ta zaman lafiya, wadda aka buɗe a 2011, mai lanƙwasa kamar maciji. Tsohon birnin yana cikin ganuwa da aka gina tsakanin 1613 da 1619, kuma ba ko'ina da ta rushe. Mutum na iya hawa ya zagaye ta cikin rabin awa. Zuciyata ta tafi kan badalar Kano da yadda muke kallo tana narkewa.

Masaukina gidan wata tsohuwa ce mai ba da hayar ɗakuna biyu, fam 55 kowane dare har da karin kumallo. Tun daga bakin ƙofa ta fara ce mini "ɗana", ni kuma na kira ta Mama, ta ji daɗin hakan. Da ta ji ba na cin alade sai ta soya mini kifi, ta haɗa da dankali da aka kirɓa da madara da man shanu da ganyen albasa, ta yi rami a tsakiya ta jefa wani curin man shanun yana narkewa. Shayi kuwa ba a tambayarka, cika maka ake yi. Tana da shekara ashirin lokacin zanga-zangar 1968, tana aiki a masana'antar ɗinka riguna kamar yawancin matan garin, maza kuma na zaune ba aiki.

Ita ta warware mini abin da littafi bai warware ba. A wancan zamani, a zaɓen ƙaramar hukuma, mai gida da matarsa ne kawai ke da ƙuri'a. In kana zaune a ɗakin iyayenka, ko da 'ya'yanka biyar, ba ka da ita. Majalisar gari ce ke raba gidajen gwamnati, saboda haka ba wa ɗan Katolika gida daidai yake da ba shi ƙuri'a, sai aka ƙi ginawa. An kuma yanka mazaɓu yadda 'yan Katolika, da suka fi yawa a garin, ke samun kansila 8, 'yan tsiraru na samun 12. Ta ce, "Ɗana, mu tara muke kwana a ɗaki biyu, kuma ƙuri'a biyu ce a gidan." Hume ɗan irin wannan gida ne. An haife shi a 1937, mahaifinsa ya daɗe ba aiki, jarrabawar samun gurbin karatu kyauta ce ta fitar da shi. Kafin siyasa, a 1960, shi da wasu 'yan tsiraru suka kafa asusun ajiya da lamuni na jama'ar gari. Ya yi kama da adashi, sai dai ba jiran kwasa ake yi ba: kowa na zuba abin da ya samu, mai buƙata ya ranta da ɗan ƙaramin ruwa, ya tsira daga masu ba da bashi da tsada. Mama ta ce da rancen farko mahaifiyarta ta sayi injin wanki. Asusun yana nan har yau a bakin unguwar Bogside, na wuce ta ƙofarsa na ga layin mutane. Maganar da Hume ya fi maimaitawa ta mahaifinsa ce, da ya ja shi daga wani taron masu kaɗa tutoci ya ce masa ba a cin tuta.

A watan Agustan 1970 mutum bakwai suka kafa SDLP: Fitt, Hume, Devlin, Austin Currie, Paddy O'Hanlon, Paddy Wilson, da Ivan Cooper wanda shi Furotesta ne. Matsayinsu shi ne Ayilan ta haɗe, amma da yardar mafi rinjayen mutanen Arewa, ba da bakin bindiga ba. Wilson bai kai shekara uku ba 'yan bindigar ɗaya ɓangaren suka yi masa kisan gilla a 1973.

Washegari na sauka Bogside cikin yayyafi. Ƙaramar unguwa ce a ƙarƙashin ganuwa, wadda daga sama ana ganin kowane lungu nata. A nan ranar Lahadi 30 ga Janairun 1972 sojojin laima na Birtaniya suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar ƙin tsare mutane ba shari'a, suka kashe 13 nan take, na 14 ya cika daga baya. Sai a 2010 bincike ya wanke mamatan, firaministan Birtaniya na lokacin David Cameron ya nemi gafara. Na tsaya a gaban zanen da ke jikin wani bango, na limamin coci yana kaɗa farin hankici a gaban masu ɗauke da yaron da aka harba. Sunayen da ke kan dutsen tunawa, da yawansu 'yan shekara 17 ne. Bayan wannan rana matasa suka yi ta tururuwa zuwa IRA, ƙungiyar masu neman haɗewar Ayilan da makami, wadda Sinn Féin ke mara wa baya, kuma 1972 ta zama shekarar da ta fi kowace jini, an kashe kusan mutum 500. Sai a nan na fahimci nauyin abin da SDLP ta ɗauka. Ka tsaya a unguwar da aka yi wa haka, ka ce wa wanda aka kashe wa ƙane kada ya ɗauki bindiga. Za a kira ka matsoraci, za a kira ka ɗan koren Turawa, kuma an kira su. An sha kai wa gidan Hume hari, kuma ba daga nesa maharan suke zuwa ba.

Sun kusa samun abin da suke nema tun da wuri. A zaɓen 1973 suka ci kujeru 19 cikin 78, aka ƙulla yarjejeniyar Sunningdale, a Janairun 1974 aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa, Fitt na mataimaki, Hume na ministan ciniki. Wata biyar ta yi, yajin aikin ma'aikatan Furotesta da ya kashe wutar lantarki ya rusa ta. Sai da aka ƙara shekara 24 da dubban gawarwaki kafin a dawo kan kusan wannan tsari a yarjejeniyar 10 ga Afrilun 1998. Shi ya sa Seamus Mallon, mataimakin Hume, ya kira ta Sunningdale ta masu jinkirin fahimta. Abin da ya buɗe hanyar shi ne zaman da Hume ya riƙa yi da Gerry Adams tun 1988, lokacin da kowa ke gudun a gan shi da shi. Da maganar ta fito fili a 1993 jaridu suka yi masa ca. A ƙarshen Oktoban shekarar aka harbe mutane a wata mashaya a Greysteel, ƙauyen da ke kusa da Derry, takwas suka mutu. A wajen jana'iza 'yar ɗaya daga cikin mamatan ta je ta gaya wa Hume cewa sun yi masa addu'a a kan gawar mahaifinta don ya ci gaba. Ya fashe da kuka a gaban kyamara. A Agustan 1994 IRA ta tsagaita wuta.

Kyautar Nobel da Hume ya raba da David Trimble, shugaban UUP na lokacin, a 1998 tana cikin gilashi a Guildhall, zauren majalisar gari, tare da ta Gandhi da ta Martin Luther King, iyalinsa sun bar wa mutanen Derry. Shiga kyauta. A wannan zauren da aka taɓa murɗe wa masu rinjaye haƙƙinsu, wadda ke riƙe da sarƙar magajin gari a lokacin ziyarata Lilian Seenoi-Barr ce, 'yar Maasai daga Kenya, wadda ta zo a matsayin 'yar gudun hijira a 2010, baƙar fata ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a Arewacin Ayilan, kuma 'yar SDLP. Ta sha zagi da barazana kafin a naɗa ta, kuma a cikin gida ma kansiloli biyu sun bar jam'iyyar kan yadda aka fitar da ita. Duk da haka na tsaya gaban hotonta na ji wani abu ya cika mini ƙirji.

Da yamma ɗan Mama, mai gyaran wutar lantarki ɗan shekara arba'in da wani abu, ya ce zai kai ni Donegal in sha iskar teku. Na ce masa bizata ta Birtaniya ce, ba ta ba ni izinin taka Jamhuriyar Ayilan ba. Ya yi mamaki, don shi yakan tsallaka ya sha mai ya dawo ba tare da ya tuna ƙasa ya canza ba. Ya ce to bari ya nuna mini iyakar. Minti goma daga gari muka tsaya a gefen titi. Babu shinge, babu ganga, babu katako mai ƙusa, babu soja, babu mai haska fitila a fuskarka yana tambayar me ka ɗauko. Allon gudun mota ne kawai ya sauya daga mil zuwa kilomita, gidan man da ke gaba kuma ya rubuta farashi da yuro. Ni da na saba da sauka daga mota a shinge bayan shinge, na kasa ɗauke idona daga wannan kwalta da babu kowa a kanta. Ya nuna mini wani wuri a baya kaɗan, Coshquin, inda shingen soja yake a da. A Oktoban 1990 'yan IRA suka tsare iyalin wani mai dafa abinci a barikin soja, Patsy Gillespie, ɗan Katolika ɗan garin, suka tilasta masa tuƙa mota cike da bam zuwa shingen. Ya mutu tare da soja biyar.

A teburin abincin dare gardama ta tashi tsakanin uwa da ɗa, kuma da gani ba yau suka fara ba. Shi Sinn Féin yake zaɓa. Ita har yau ba ta huce ba daga zaɓen 2017, lokacin da Mark Durkan, magajin Hume, ya rasa kujerar Derry da ƙuri'a 169, jam'iyyar ta wayi gari ba ta da ko mutum ɗaya a majalisar Landan. Ya tuna mata cewa a 2019 shi ma Colum Eastwood ya zaɓa, don 'yan Sinn Féin ba sa zama a waccan majalisa, kuma a rikicin ficewa daga Tarayyar Turai ana buƙatar mai magana a ciki. Eastwood ya ci da ratar sama da 17,000, Claire Hanna ta ci kudancin Belfast. A 2024 sun riƙe kujerun biyu, amma ratar Derry ta sauko zuwa dubu huɗu da 'yan kai, Eastwood ya sauka daga shugabanci, Hanna ta karɓa wata guda kafin zuwana. Ya ce, "Mama, na san abin da Hume ya yi mana. Amma ƙuri'ata ba ta ta'aziyya ba ce. Ina so in ga namu a kujerar farko." Ta ajiye cokali ta ce, "Su da suka ce mana maciya amana shekara talatin, yau hanyarmu suke bi, kalmominmu suke faɗa." Ya ce, "To ai kun ci nasara ke nan." Ba ta amsa ba.

Na zo da niyyar in kira abin butulci, kuma rabin zuciyata har yanzu haka take kiransa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara uku kacal bayan sulhu, a 2001, Sinn Féin ta wuce su a ƙuri'a. Gwamnatocin Landan da Dublin sun mayar da hankali kan lallashin masu makami, har Mallon ya sha ba da labarin yadda firaministan Birtaniya na lokacin Tony Blair ya ce masa matsalarsu ita ce ba su da bindigogi. Da DUP ta yi ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kowa ya ruga bayan babbar jam'iyyar gefensa, matasan da suka gaji da rabuwar kuma suka tafi Alliance. Amma direban tasin Belfast ma bai yi ƙarya ba. Jam'iyyar ta jingina da manyan mutane biyu uku, ba ta dasa saiwa a layi-layi ba, da suka tsufa sai aka ga fili. A nan ta yi kama da ta Baba, wadda ƙarfinta ya bi Malam kabari. Inda suka bambanta shi ne PRP rikicin cikin gida ya ci ta, ita kuwa SDLP abokiyar hamayyarta ce ta ajiye bindiga ta ari rigarta, kuma su da kansu suka miƙa mata rigar suna sane.

Ranar Alhamis kafin in tafi na hau tudun maƙabartar gari, inda aka binne Hume. Ya rasu ranar 3 ga Agustan 2020, wata shida bayan Mallon, bayan shekaru yana fama da ciwon mantuwa. Lokacin annobar korona ne, iyalinsa suka roƙi mutane kada su fito, kowa ya kunna kyandir a gidansa. Daga kan tudun ana ganin Bogside, da ganuwa, da kogin, da tsaunukan Donegal da ba ni da izinin takawa. Na tarar da furanni sababbi a kan kabarin. Wani tsoho da kare ya tsaya, ya cire hularsa na ɗan lokaci, ya mayar, ya wuce.

Na koma Belfast a bas ta kan tsaunin Glenshane cikin hazo, na kashe sauran takardun kuɗinsu a kan shayi da burodi, na shiga jirgin dare. Kafin mu bar gaɓa na kira Baba. Ya saurari labarin duka bai katse ni ba, har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Kujera nawa ka ce sun rage musu?" Na ce takwas, Baba, cikin casa'in. Ya ce, "Ita tsohuwar da ka sauka a gidanta, har yanzu tana fita ranar zaɓe?" Na ce ta gaya mini ba ta taɓa fashi ba tun 1973. Ya ce in na sake kiranta in gaishe ta.